Dabba Ta Mutu a Hannun Likita: Me Za a Biya, Me Za a Ƙi Biya?

Wasiƙu uku muka zaɓa a wannan fitowa, daga Garwa da Marwa da Ngaundare, dukansu a kan kuɗin magani bayan dabba ta mutu. Likitan dabbobi da lauya ne suka zauna tare suka amsa.

TAMBAYA DAGA GARWA

Assalamu alaikum. Ina da karen gadi a lambuna na bakin Binuwai, zai kai kilo 20. Kaska ta yi masa yawa, ya daina cin abinci, fitsarinsa ya koma ja. Ran Litinin na kai shi wani asibitin dabbobi mai zaman kansa, aka ɗebi jini, aka yi masa wata allura ruwan ɗorawa, muka koma gida. Ran Laraba na mayar da shi don bai fara ci ba, aka sake yi masa allura mai wannan launi, aka riƙe shi ana ƙarin ruwa. Ran Alhamis ya fara tangaɗi, wuyansa ya sandare, da asubar Juma'a ya mutu. Kafin in iso har sun binne shi. Yanzu an miƙo min faktir na sefa 68,000: dubawa 5,000, gwajin jini 6,000, allura biyu 8,000, ledar ruwa shida 21,000, kwana huɗu 16,000, "magunguna daban-daban" 12,000. Na riga na ba da kafin alƙalami 25,000. A ganina allurarsu ce ta kashe shi. Dole ne in cika 43,000 ɗin?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar maka da alheri. Magana biyu ka haɗa, kuma sai an raba su kafin a ga hanya. Ta farko, shin aikin da aka rubuta a faktir an yi shi, kuma da saninka? Ta biyu, shin an yi kuskure wurin magani, kuma kuskuren ne ya kashe karen? Mutuwar dabba ita kaɗai ba ta goge kuɗin magani. Likita ba tela ba ne, da za ka ce in riga ba ta zauna daidai ba babu lada. Abin da doka ta ɗora masa shi ne ya yi aiki da sani da kula yadda sana'arsa ta tanada, ba ta ce ya ba da tabbacin warkewa ba. Sashi na 1315 na Code civil, kundin dokokin mu'amala da kotunanmu ke bi, ya ce mai neman a biya shi ne zai tabbatar da bashin. Ke nan tabbatar da cewa an yi aikin yana wuyan likita, tabbatar da kuskure kuwa yana wuyanka.

Mu fara da faktir, don can ne ka fi ƙarfi. An riƙe karen ran Laraba, ya mutu da asubar Juma'a. Kwana biyu ke nan, ba huɗu ba, don haka sefa 8,000 sun fita tun ba a je ko'ina ba. Layin "magunguna daban-daban" kuwa ba a biyan sa haka a dunƙule. Ka nemi a rubuta sunan kowane magani, da yawan da aka bayar, da rana, da farashi. Haƙƙinka ne, doka mai lamba 2011/012 ta 6 ga Mayu 2011, wadda ke kare mai saye, ta ba shi haƙƙin sanin abin da yake biya. Amma ledar ruwa shida, a yi wa likita adalci, ba ta wuce hankali ba. Kare mai kilo 20 yana bukatar wajen mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo a yini, wato lita ɗaya da 'yan kai, ko da jikinsa bai bushe ba. Idan ledojin masu mililita 500 ne, shida sun zama lita uku a kwana biyu, kuma ga dabbar da ta yi kwanaki ba ci ba sha wannan yana iya yiwuwa. Kada ka ɓata ƙarfinka a kan wannan layi.

In ka tara dubawa da gwaji da allurar farko da ruwa da kwana biyu, za ka samu 44,000. Cire 25,000 da ka bayar, saura 19,000. Shawararmu ka biya wannan, ta wayar hannu ko da rasi mai hatimi, a kuma rubuta a jikin rasin "sous toutes réserves", ma'ana ka biya ba tare da ka yarda da sauran ba, kuma ba ka yafe haƙƙinka ba. Sefa 24,000 da suka rage su ne abin jayayya. Mutumin da ya biya abin da ba shakka a kansa, duk inda aka je an fi sauraron sa a kan wanda ya ce sam ba ya biyan ko dala.

To, sai maganar allura. Alamun da ka faɗa, kaska da jan fitsari da rashin ci, sun yi kama da cutar jini da kaska ke sa wa kare, wadda likitoci ke kira babesiya. Maganin da aka fi yi mata a nan shi ne diminazin, wato garin maganin sammore na shanu, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Berenil da Veriben. Ƙaramin ƙunshinsa mai giram 2.36 an yi shi ne don saniya mai kilo 300. In an narkar da shi ya zama mililita 15, kowane mililita ɗaya na kilo 20 ne. Karenka mililita ɗaya tak yake bukata, sau ɗaya. Tsakanin abin da ke warkar da kare da abin da ke kashe shi a wannan magani tazara kaɗan ce, kuma yana daɗewa a jiki, shi ya sa ƙa'ida ita ce kada a maimaita shi kafin kwana 21. Idan ya yi yawa ƙwaƙwalwa yake taɓawa, ya sa zubar jini a cikinta, kuma alamun sukan fito tsakanin yini ɗaya zuwa uku: tangaɗi, rawar ƙwayar ido, sandarewar ƙafafu da wuya, sai suma. Ba shi da makari.

Ka ga zarginka yana da tushe. Sai dai launi ba hujja ba ne. Bitamin B ma ruwan ɗorawa ne, haka oksitetrasikilin, kuma yin ɗayansu ran Laraba ba laifi ba ne. Ita kanta babesiya mai tsanani tana iya hawa kai ta ba da alamu masu kama da waɗannan. Don haka tambayoyinka ga asibitin su zama huɗu, a rubuce: mene ne sunan allurar Litinin da ta Laraba, mililita nawa aka ja kowace rana, an ɗora karen a sikeli ko da ido aka ƙiyasta, kuma me gwajin jinin ya nuna? Ka nemi kwafin katin jinyarsa. Idan amsa ta nuna diminazin sau biyu cikin kwana uku, ka riƙe hujja mai ƙarfi, kuma a nan har kuɗin jinyar da ta biyo baya kana iya neman a mayar maka.

Babbar asarar da aka yi ita ce binne karen ba tare da an tambaye ka ba. Mushen shi ne shaidar da ta fi kowace, kuma a zafin Garwa, inda ake haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, sa'o'i kaɗan suka isa hanji ya kumbura, nama ya narke, ƙwaƙwalwa ta zama ruwa. Duk mai karatu da irin wannan ta same shi, ga abin yi. A ɗauki hoton dabbar da na kwalabe da ƙunshin magani, yadda lambar kamfani da ranar lalacewa za su fito. A sa mushen a leda biyu, a kewaye shi da ƙanƙara a cikin kula, amma kada a sa shi a firiza ya daskare, don daskarewa tana fasa ƙwayoyin nama ta ɓata binciken madubin likita. A kai shi ran nan ga wani likita daban, ba wanda ya yi maganin ba. Ɗakin binciken dabbobi na ƙasa, LANAVET, yana Bokle kusa da Garwa, makarantar likitancin dabbobi kuma tana Jami'ar Ngaundare. Idan da nisa, likita zai yanki hanta da ƙoda da saifa da ƙwaƙwalwa, kowane yanki kaurinsa bai wuce santimita ɗaya ba, ya jiƙa su a ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, yawan ruwan ya ninka naman sau goma. Wuri biyu ne ba a taɓa mushe da wuƙa: in ana zargin haukan kare, da kuma in dabba ta faɗi farat ɗaya baƙin jini mara daskarewa na fita ta hanci da dubura, alamar ciwon saifa. Waɗannan sai ma'aikatan gwamnati.

Ka rubuta wasiƙar kwafi biyu, a sa hannu da hatimi da kwanan wata a naka, ka ba su mako guda. Ka adana saƙonnin WhatsApp da shaidar tura kuɗi. Ka je da dattijo ɗaya mai sanyin baki, don galibin irin wannan magana a teburin likita take ƙarewa da ragi. In ba a daidaita ba, ka kai ƙorafi ofishin ma'aikatar kiwo, MINEPIA, na yankinku. Sama da nan akwai ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasa, Ordre National des Vétérinaires, wadda ke ladabtar da mambobinta tun daga gargaɗi har zuwa dakatarwa. Sai dai ladabtarwa take yi, hukuncin diyya na kotu ne. Kotun matakin farko ce ke sauraron ƙarar kuɗin da bai wuce sefa miliyan 10 ba, amma gaskiya a kan 24,000 kuɗin takardu da na wisiye, wato jami'in da ke kai takardun kotu, da na ƙwararren da zai ba da shaida za su cinye abin da kake nema. Diyyar ma ana auna ta ne da darajar dabbar, kuma za a tuna cewa da ciwo mai kisa ka kawo ta.

Abu biyu za mu ja kunnenka a kai. Idan wisiye ya kawo maka takardar kotu ta umarnin biya, irin wadda dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta ƙasashen Afirka, OHADA, ta tanada, kada ka ajiye ta. Wa'adin ƙalubalantar ta 'yan kwanaki ne, an rubuta shi a jikinta, kuma in ya wuce bashin ya tabbata a kanka. Na biyu, kada fushi ya sa ka hau Facebook ka kira sunan asibitin ka ce sun kashe maka kare alhali ba ka da takarda a hannu. Sashi na 305 na dokar laifuka ya hukunta ɓata suna, sai mai ƙara ya koma wanda ake ƙara.

TAMBAYA DAGA MARWA

Magena ce ta kwana biyu jikinta da zafi, sai na ba ta rabin parasitamol da safe, rabi da dare. Washegari fuskarta ta kumbura, tana numfashi da ƙyar. Likita ya yi mata ƙarin ruwa da allurai, ta mutu kashegari. Kuɗinsa sefa 18,000. Maigida ya ce kada a biya tunda ba ta tashi ba. Yarana har yanzu kuka suke.

AMSA

Hajiya, sannu da wannan rashi, a kuma rarrashi yaran. Abin da za mu faɗa ba don ɗora miki laifi ba ne, don mutane da yawa ba su san shi ba: parasitamol guba ne ga mage. Hantarta ba ta da isasshen sinadarin da hantar mutum ke sarrafa wannan magani da shi, sai ya juya ya lalata jan jini har ya kasa ɗaukar iska. Shi ya sa dasashi ke komawa launin ƙasa-ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura, numfashi ya yi wuya. Rabin ƙwaya mai miligiram 500 shi ne 250. Ga mage mai kilo uku wannan ya haura miligiram 80 a kan kowane kilo, kuma shi kaɗai yana iya kisa, balle sau biyu. Zafin jikin mage mai lafiya ma tsakanin digiri 38 ne da 39 da 'yan kai, ya fi na mutum, don haka hannu ba ya gane zazzaɓinta sai da ma'auni.

Akwai makari, sunansa asetilsistayin, ana fara shi da miligiram 140 a kan kowane kilo, sannan 70 duk bayan awa shida. Amma a sa'o'in farko yake da ƙarfi, kuma magenki ta isa asibiti bayan guba ta yi yini tana aiki. Tambaya ɗaya ce za ta iya canza magana: kin gaya wa likita an ba ta parasitamol? In kin gaya masa, kina da damar tambayar ko ya yi amfani da makarin, in bai yi ba me ya hana. In ba a gaya masa ba, ya yi aiki ne da abin da idonsa ya gani.

A bisa abin da kika rubuta, kuɗin nan haƙƙinsa ne, a biya shi. Neman ragi ba aibu ba ne, a nema da lalama. Kuma tunda gidan masu son mage ne, a nisanta duk wata mage da maganin kaska na shanu da na karnuka, musamman mai fametirin a ciki, don shi ma yana sa ta rawar jiki da farfaɗiya har ta mutu.

TAMBAYA DAGA NGAUNDARE

Na sayi rago na sefa 150,000 ina turkarsa don layya, dusa da tunkuzar angurya nake ba shi. Sai ya fara yunƙuri, yana harbin cikinsa yana cizon haƙora, fitsari ba ya fita sai ɗigo. Wani yaro mai yawo da jakar magani a babur, da ake ce masa dokta, ya ce kwana uku zai tashe shi, in bai warke ba kada in biya. Ya yi masa allura kwana uku. Ragon ya ɗan lafa, cikinsa ya kumbura, ya mutu. Yanzu yaron yana bi na sefa 15,000.

AMSA

Alhaji, taka ta bambanta da biyun farko, don an yi sharaɗi. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun halatta a yi wa mai magani sharaɗin sai an warke, yana nan a Risala ta Ibn Abi Zaid. Wanda ya karɓi aiki a kan haka, in ba a warke ba, ladan aikinsa ya faɗi. A dokar ƙasa ma yarjejeniya tana ɗaure waɗanda suka ƙulla ta. Abin da kake bukata shi ne shaidun da suka ji ya faɗa da bakinsa. In ka ga dama ka mayar masa da kuɗin maganin da ya saya, bisa farashin kanti, wannan kyautatawa ce daga gare ka.

Ciwon da ka siffanta tsakuwar mafitsara ce, kuma ta yi yawa a ragunan turka. Dusa da tunkuza suna da sinadarin fosforas da yawa, kalsiyam kaɗan, sai yashi ya taru a mafitsara ya gangaro ya toshe hanyar fitsari, galibi a siririn tsinin da ke ƙarshen gaban rago. Toshewa ce, allurar kashe ƙwayoyin cuta ba ta buɗe ta. Likitan da ya san aiki zai zaunar da ragon a kan gindinsa, ya fito da gaban, ya datse wannan tsini da almakashi mai tsabta, kuma sau da yawa nan take fitsari ke zubowa. In toshewar ta fi nan zurfi, sai tiyata ko a yanka tun ranar farko a ci nama. Lafawar da ka gani mafitsara ce ta fashe, abin da kan faru cikin kwana biyu ko uku. Zafi ya ragu, fitsari ya malala cikin ciki, jini ya gurɓace. Daga wannan lokaci ko an yanka naman zarnin fitsari yake yi, ba ya ciwuwa. Dabbar da aka yi wa allura irin oksitetrasikilin mai dogon aiki ma sai an jira makonni, yadda aka rubuta a jikin kwalba, kafin a ci namanta.

Ke nan kwana ukun nan su suka cinye damar da kake da ita, ta magani da ta yanka. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya nuna cewa wanda ya shiga yin magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, ɓarnar da ta auku tana wuyansa. Doka mai lamba 90/033 ta 10 ga Agusta 1990 ita ma ta tsara wanda ya cancanci yin aikin likitan dabbobi a Kamaru. Ba kowane mai jaka ne ɗan bogi ba, akwai ma'aikatan jinyar dabbobi da suka yi karatu a makarantu irin ta Marwa, suna aiki ƙarƙashin likita. Ka tambaye shi takardarsa da sunan likitan da yake ƙarƙashinsa. In babu, ka kai maganar wurin shugaban ofishin dabbobi na yankinku, ko gaban sarkin shanu ko mai unguwa, tare da shaidunka da kwalaben da ya bari. Kada ka sa ran cikakken kuɗin rago, don da ciwo mai haɗari ya same shi, amma neman wani kaso daidai ne.

In akwai sauran raguna a turke, a gyara abincinsu yau. A rage dusa, a ƙara harawa da ganyen gyaɗa, su ne masu kalsiyam. Abin da ake so kalsiyam ya ninka fosforas sau biyu. A riƙa barbaɗa gishiri a abinci don su sha ruwa da yawa, ruwan kuma ya kasance a gabansu dare da rana, a inuwa. Likita yana iya rubuta maka amoniyam kuloraid, wajen giram 5 zuwa 10 a kowane kilo na abinci, don ya hana yashin haɗuwa. Kowace safiya a duba gashin bakin marar rago: in ya bushe ƙayau, ko ka ga farin yashi ya maƙale a jiki, a nemo likita ran nan.